Ni da basfar Baba

Tun ina yaro nake ganin Vespa ɗin nan a soron gidanmu, mu dai basfa muke ce mata. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a 1975 da kuɗin Udoji, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka kwashi ariyas, wasu suka ƙara aure wasu suka sayi rediyo mai kaset, shi kuma ya je ya turo Super 150 ruwan toka 'yar Italiya. Bayan rasuwarsa ta fi shekara goma a jingine an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Ranar da na kawo ta gidana na buɗe murfin gefe sai ga gidan zanzaro har uku, ashe ma wai sunan Vespa da Italiyanci zanzaro yake nufi, to ka ga 'yan uwa ne suka zo zumunci.

Akwai wani tsohon bakaniken basfa a bayan layinmu, shi yake gyara wa Baba tun da can. Na je ya faɗi kuɗin aiki na ce kai Baba ai ya yi yawa, ya ce to ɗana Allah ya ba da sa'a. A raina na ce ni da nake da data? Na ga wani Bature a YouTube ya farke injin nan ya mayar cikin minti ashirin ko hannunsa bai yi baƙi ba.

Na shimfiɗa buhun siminti a soro, sifana uku, ɗaya ma aro ce daga wajen mai faci, da filaya da sukudireba. Kwancewa kam ba wuya. Kafin la'asar injin ya zama tsaba, sai matsalar inda zan zuba notina da wasa-wasai, na leƙa ɗakin uwargida tana unguwa na kwaso kwanukan samira na jerenta guda biyar, na zuba fetur na hau wanki. Sati guda muna shan miyar kuka mai ƙamshin gidan mai. Ba ta ce komai ba, kuma duk mai aure ya san shirun nan ya fi faɗa tsada.

Ciwon basfar tun Baba na raye shi ne tana cire giya da kanta, kana cikin tafiya sai ta koma firi injin ya yi ta ihu a banza. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin giya mai kamar alamar tarawa ta lissafi, kuros suke ce masa, in gefensa ya cinye sai ya riƙa zamewa. Na samo sabo ɗan Indiya a Ƙofar Ruwa da fistin da ringi da boris da fakin. To fa cire tsohon, a nan na gane kurena. Na murɗa ya ƙi, na sa ƙarfi ya ƙi, na zura bututu a jikin sifana na hau da nauyina gaba ɗaya ina nishi kamar mai naƙuda, wuni guda cur. Sai ga tsohon nan zai wuce masallaci ya leƙo ya tsaya yana kallona, can ya ce ɗana wannan ai bahago ne, ta inda ake ɗaure sauran ta nan ake kwance shi. Wato tun safe ƙara ɗaure shi nake. Na ce ai na sani Baba, ƙarfinsa nake gwadawa.

Boris kuma Baturen ya ce a sa shi a firiza ya tsuke, a ɗumama gidansa ya buɗe, sai ya faɗa da kansa ba duka. Gaskiya ne, amma shi Baturen ba a ɗauke masa wuta kwana uku ba. Sai na sayo ƙanƙara wajen mai zoɓo na ƙulle boris a leda na binne a ciki, rabin injin kuma na ɗora a kurfoti ina fifita gawayi, maƙociyarmu ta aiko yarinya wai me ake gasawa ne ba a sammata ba.

Sai batun kilif. Wani ɗan zobe ne da bai kai ƙwandala ba, shi yake tare fin ɗin fistin kada ya zame ya karce silinda. Na matse shi da filaya zan saka sai ji na yi tsiit, ya yi sama, ban ga saukarsa ba. Abin da na gani kawai kazar uwargida ta ruga ta tsattsagi wani abu a ƙasa ta haɗiye tana kallona da gefen ido. Na rantse ita ce. Uwargida ta ce haba Malam, kaza da cin ƙarfe? Na ce ke ba ki san kaji ba. Kwana biyu na kife ta a kwando ina bin kashinta da tsinke, ni da digirina, ba komai. Ran na uku na ce a yanka. Muka tsaga ƙundu muka tarar da tsakuwa da ƙwayar dawa. Naman dai ya yi daɗi, kilif kuma na koma kasuwa na sayo wani, kuɗin Napep ya ninka kuɗinsa.

Ranar tayarwa yaran layi sun cika ƙofar gida. Ita basfa ba ta da wajen zuba baƙin man fistin daban, a cikin fetur ake haɗa mata, kashi 2 cikin 100, wato mil 20 a lita ɗaya, ni kuma na ce wadda ta shekara goma da ƙishi ai sai a ƙara mata, na tuttula. Na kwantar da ita ɓangaren dama yadda nake ganin Baba yana yi, na ɗago, na hau kiki. A bugu na kusan talatin ta yi tari ta kama, fat fat fat, wallahi sai da ƙwalla ta zo min, ko da yake hayaƙin ma ya taimaka don har wani ya fito yana tambaya ko feshin sauro aka zo. Na kira Hajiya a waya na kara mata ta ji, ta yi shiru sannan ta ce to ai a hannun Malam ba ta tari haka.

Giyar basfa a hannun hagu take, ka matse kuloci ka murɗa hannun gaba ɗaya, waya biyu ne suke ja, kuma ashe na musanya su. Na murɗa lamba ɗaya ta shiga biyu, ta mutu. Na sake ta mutu. Na uku na ba ta wuta sosai yara suka tura, ta ɗauka da gudu, ni kuma da jin daɗi na murɗa lamba biyu ta faɗa ɗaya, injin ya ƙwalla ƙara tayar baya ta cije na yi gaba kamar an hankaɗa ni, na manta inda birki yake, sai tsintar kaina na yi a tulin yashin maƙocinmu daidai gaban majalisar dattawa. Babu wanda ya yi dariya, ɗaya ne kawai ya ce sannu injiniya, kuma sunan ya bi ni har yau.

Tsohon bakaniken ya sauya wayoyin kafin shayinsa ya huce, ya ƙi karɓar ko sisi, sai cewa ya yi Allah ya jiƙan Malam, shi dai fulogi kaɗai yake kwancewa.

Bayan sati biyu mai wankin hula ya kawo min hulunana, ya miƙo wani abu a ƙunshe a takarda ya ce Alhaji wannan a cikin karin tsohuwar hular nan na same shi. Na yi saurin cusawa a aljihu amma uwargida tana bayan labule ta riga ta gani. Ta ce Malam, kazata mai ƙwai ce fa, kuma ba na karɓar ta gidan gona.