Ƙungiyoyin Zamfara na da aiki, takardun neman tallafi ne ke kayar da su

A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayar da agaji sun yi alkawarin cewa kafin ƙarshen 2020 aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin gida. Wa'adin ya wuce ba a cika alkawarin ba. A Zamfara har yanzu ƙungiyar waje ce ke cin gasar neman tallafi, sannan ta yanki ɗan kaso ta ba ƙungiyar gida ta shiga ƙauyukan da ma'aikatanta ba sa iya zuwa saboda 'yan bindiga.

Ba ina kushe ƙungiyoyin waje ba ne. Lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF ne suka zo suka tsaya a kan jinyar. Abin da nake cewa shi ne, 'yan gida ba sa faɗuwa a gasar don rashin sanin aiki, suna faɗuwa ne tun a bakin ƙofa.

A ɗauki ƙungiyar mata a Talata Mafara ko Tsafe da ta daɗe tana haɗa garin kunu ga yaran da tamowa ta kama. Sanarwa za ta fito a intanet da Turanci, wa'adinta makonni kaɗan. Za a nemi shaidar rajista da Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na Hukumar EFCC, da lambar haraji, da rahoton akanta mai lasisi na shekarun baya, da kasafi a dala wanda kowane layi nasa ya yi daidai da bayanin aikin. Shugabar ƙungiyar na iya lissafa sunan kowane yaro da mahaifiyarsa, amma lissafin kuɗinta yana cikin littafin makaranta ne da aka ja wa layi da biro. Wanda ya tuna yadda aka katse layukan sadarwa a jihar a Satumbar 2021 ya san cewa ko tura fom ɗin ma wani aiki ne.

Yanzu kuma gasar ta ƙara zafi, domin tun da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta bayar da agaji a ƙasashen waje, USAID, a 2025, masu nema sun yi yawa a kan ɗan abin da ya rage.

A ganina, nan ne Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka sa hannu a kan dokar kafa ta a 2024, ke da aikin da bai kai gina hanya cin kuɗi ba. Ya kamata ta buɗe ofishi a Gusau, da haɗin gwiwar Jami'ar Tarayya ta Gusau, wanda zai riƙa tattara sanarwar tallafi yana fassara sharuɗɗanta zuwa Hausa, ya taimaka wajen rajista, ya ɗauki akantoci da za su gyara littattafan ƙananan ƙungiyoyi, ya kuma duba takardar neman kafin a tura. Mafi muhimmanci, ya ware asusun cike gurbi, saboda wasu masu bayar da tallafi, irin su Tarayyar Turai, kan bukaci mai nema ya kawo wani kaso na kuɗin aikin daga aljihunsa, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya fitar da ƙungiyar ƙauye daga layi.

Akwai haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Idan ofishin ya koma hannun 'yan siyasa, ƙungiyoyin jaka, waɗanda ba su da komai sai hatimi da takarda mai tambari, su ne za su cika shi. Saboda haka kada a ba shi ikon zaɓar wanda zai nema ko riƙe kuɗin tallafin da aka samu. Kwamitin da zai sa masa ido ya haɗa da wakilan ƙungiyoyin da kansu, kuma duk shekara a wallafa sunayen waɗanda aka taimaka wa, da ƙaramar hukumar da suka fito, da sakamakon neman da suka yi.