Maltina da madara ba sa maganin ƙarancin jinin mai ciki

A gidajen Katsina da yawa, da zarar an ce mai ciki jininta ya yi ƙasa, sai a haɗa mata Maltina da madarar gwangwani. Wannan haɗin ba ya ƙara jini. Galibi sinadarin ƙarfe ne ya yi mata ƙaranci, madara kuwa tana hana hanji tsotsarsa, haka ma shayi.

A wurin awo, idan PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza kashi 33 cikin 100, akwai ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum tare da folik asid. Wadda jininta ya riga ya faɗi kuwa ana kai mata miligiram 120. A sha ƙwayar da ruwa ko lemon zaƙi, a bar awa biyu tsakaninta da shayi ko fura da nono.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Tashin zuciya ne ke sa mata da yawa su daina. Gara a koma sha bayan abincin dare. Idan ta fara haki ko tafin hannunta ya yi fari fat, a kai ta asibiti ranar, don zazzaɓin cizon sauro ma yana cinye jini.