Wa ya koya wa talaka ciniki da waya, gwamnati ko mai POS?

A bakin titin unguwarmu akwai wata dattijuwa mai tuyar awara. A jikin bokitin yajinta ta manna kwali, an rubuta lambar asusu da biro, an sake bin rubutun don kada rana ta kodar da shi. Yaro zai sayi awarar ɗari biyu ya tura kuɗin ta waya, ita kuma ba ta miƙa masa leda sai ta ji ƙarar alat. Ba ta taɓa taka harabar banki ba. Da na tambaye ta wa ya buɗe mata asusun, sai ta nuna wani saurayi mai POS da ke zaune a ƙarƙashin laima a tsallaken titi, ta ce, "Ga shi can, yaron kirki, Allah Ya yi masa albarka."

Wannan saurayin ya yi abin da Babban Bankin Najeriya ya so yi da eNaira bai samu ba. A ranar 25 ga Oktoban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita, aka yi ta alfahari cewa mu ne na farko a Afirka da babban bankinsu ya fitar da kuɗin intanet. Da masana na Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka duba a 2023, sai suka tarar kusan kashi 98 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A farkon lamarin sai kana da asusun banki za ka shiga, kuma mai asusun banki yana da tiransfa, me zai yi da wata sabuwar manhaja? An gina rijiya a inda ba a jin ƙishirwa.

Daga nan sai aka koma tilas. A watan Oktoban 2022 gwamnan babban bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sabbin kuɗin sun fara fitowa ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, wato wata ɗaya da rabi kacal, a ƙasar da akwai ƙananan hukumomin da ba su da reshen banki ko ɗaya. An ƙara kwana goma, bai hana komai ba. Duk wanda ya rayu a watan Fabrairun nan ba zai manta ba: magidanta suna sammako a layin ATM tun kafin asuba, mai kuɗi a asusu yana kwana da yunwa, manomi ya kai buhun masara kasuwa ya karyar da shi saboda mai tsabar kuɗi a hannu shi ke yanka farashi. Ni kaina na biya naira dubu don a ba ni dubu biyar daga cikin kuɗina. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Indiya ta yi irin wannan a 2016 ta sha wuya, darasin yana nan a rubuce ga mai son karantawa.

Akwai masu cewa ai wuyar ta yi amfani, tunda ita ta tura jama'a ga tiransfa. Ban yarda ba. Abin da ya faru shi ne manhajojin manyan bankuna suka riƙa durƙushewa saboda cunkoso, mutane suka gudu inda kuɗi ke shiga nan take, wato irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, waɗanda tuni suka baza wakilai a lunguna. Hanyar tana nan kafin a kora mutane. Da an faɗaɗa ta a hankali, da an isa inda ake yanzu ba tare da mai jego ta rasa kuɗin magani ba. Kuma a ƙarƙashin laimar nan sabuwar sana'a ta tsiro. Masu POS a yau sun haura miliyan ɗaya, da yawansu matasa ne masu digiri da difloma da suka gaji da yawon neman aiki. Su ne bankin ƙauye, su ne masu karanta wa tsoho saƙon da ya shigo wayarsa.

To, da doka ta waiwayo su, me ta zo da shi? A watan Afrilun 2024 babban banki ya hana manyan kamfanonin nan karɓar sabbin abokan hulɗa, sai bayan makonni aka sake su. A watan Mayu aka sanar da harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin 100 a kan kuɗin da aka tura, jama'a suka yi ca, aka dakatar. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba kowane mai POS wa'adin 7 ga Yuli ya yi rajista, aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba. Kafin shekarar ta ƙare kuma cajin naira 50 a kan tiransfar dubu goma zuwa sama ya iso asusun waɗannan kamfanoni. Salon ɗaya ne da na canjin kuɗi: a yanke hukunci a Abuja, a sa wa'adi, in ihu ya yi yawa a ja da baya.

Ba ina cewa a bar harkar kara zube ba ne. 'Yan damfara suna buɗe asusu da sunan wasu, kuma an sha kama masu POS da ke karɓar wa masu garkuwa da mutane kuɗin fansa. Mu da matsalar tsaro ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, mun fi kowa buƙatar a san wanda ke riƙe da kowace na'ura. Tambayata ita ce wa ake fara karewa. Lokacin da M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, ta fito a Kenya a 2007, babban bankinsu ya bar ta ta fara aiki yana sa ido, ya sharɗanta a ajiye kuɗin jama'a a wurin da ba za su salwanta ba, cikakkiyar dokar biyan kuɗi kuma ta biyo baya a 2011, bayan an ga yadda abin yake tafiya a ƙasa. Sun fara da kuɗin talaka. Mu muna farawa da fom da haraji.

In shugabanni suna son sanin inda ƙaya take, su zauna awa ɗaya a ƙarƙashin laimar nan. Babbar rigimar yini ita ce "an cire, bai shiga ba". Tun 2020 babban banki ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin sa'o'i 72, amma wa ke bin bankin da ya saɓa? Sai kuma sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, kowa ya ga cewa in babu sabis babu banki, babu ciniki. Ƙauyuka da yawa a haka suke kullum, ba tare da an katse komai ba. Duk shugaban da ke son mutane su rabu da tsabar kuɗi, nan ya kamata ƙarfinsa ya tafi kafin ya sake buga wani wa'adi.

Saurayin unguwarmu yana da wani littafi mai bango ja da yake rubuta sunayen waɗanda kuɗinsu ya maƙale. Ya nuna min shafin makon da ya wuce, suna shida, biyu ne kawai aka soke. Ɗaya daga cikin huɗun da suka rage na wani mai ɗinki ne, dubu goma sha biyar, kuma saurayin ya riga ya biya shi daga aljihunsa don kada a yi faɗa a gaban jama'a. Shi ne yanzu yake jiran banki.