Gashi sau ɗaya a ɗakin tiyata: mata nawa a cikinmu za su cancanci samun sa?

'Yan uwa, akwai wata hanyar maganin sankarar mama da duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo, da ya ji labarinta sai ransa ya biya. A yi wa mace gashi, wato kashe ƙwayoyin cutar da hasken na'ura mai ƙarfi, sau ɗaya tak, tana kwance a ɗakin tiyata ba ta farfaɗo ba, ta farka an gama. Likitoci suna kiran hanyar IORT.

Idan ƙullin ƙarami ne, ba sai an cire nonon duka ba, ƙullin ake yankewa tare da ɗan naman da ke kewaye da shi. To amma bayan haka sai an bi nonon da gashi don a kashe ƙwayoyin cutar da ido bai gani ba. Tsohon tsari zuwa 25 ne cikin mako 5, kullum sai an je asibiti daga Litinin zuwa Juma'a. A wannan hanyar kuwa, da likita ya ciro ƙullin sai a zura kan wata na'ura mai siffar ƙwallo cikin gurbin, a tattaro naman ya manne da shi, a saki hasken na minti 20 zuwa 50, a zare, a ɗinke. Hasken ba ya tafiya da nisa, saboda haka kaɗan ne ke kaiwa ga zuciya da huhu.

Wanda bai taɓa baro ƙauyensa da marar lafiya ya je Zariya ko Sakkwato ko Abuja neman gashi ba, ba zai gane darajar wannan ba. Kuɗin mota, wurin kwana, abincin mai jinya, ga yara an bari a hannun maƙwabta. Mata da dama a nan suke yanke magani, ba don sun warke ba, sai don aljihu ya ƙare.

Sai dai binciken bai tsaya a kan magana ɗaya ba, kuma ba na jin daɗi idan na ga ana ɓoye rabinsa. Gwajin TARGIT-A, wanda likitocin Landan suka jagoranta tun shekarar 2000, ya fitar da sakamakon mata 2,298 a 2020. Cikin shekara 5, ciwon ya dawo a nonon kashi 2.11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashi ɗaya, a ɓangaren waɗanda aka yi wa gashin da aka saba kuma kashi 0.95. Tazarar ba ta da yawa, kuma mutuwa saboda sankarar ba ta bambanta ba. Amma kusan mace ɗaya cikin biyar sai da aka ƙara mata gashin da aka saba, bayan awon naman da aka ciro ya nuna ciwon ya fi yadda aka zata. Gwajin ELIOT na birnin Milan a Italiya, mai mata 1,305 da wata na'ura daban, ya fi tayar da hankali: bayan shekara 15 ciwon ya dawo wa kashi 12.6, a ɗaya ɓangaren kashi 2.4 kacal, ko da yake tsawon rai bai bambanta ba. Shi ya sa hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani a Ingila a 2018 ba ta yarda a mayar da hanyar ta kowa da kowa ba, ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ma a 2023 ta ce a tsaya da ita a cikin bincike.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: matan da aka gwada a TARGIT-A masu shekara 45 ne zuwa sama, ƙullinsu bai wuce santimita 3.5 ba, yawancinsu ma bai kai haka ba. A wajenmu mata nawa ne ke zuwa a wannan mataki? Mafi yawa sai nonon ya kumbura, kaluluwa ta fito a hammata, wani lokaci har ya fashe. An sha jiƙo, an yi shafe-shafe, an bi maganar nan da ake yaɗawa cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ta raba 'ya'ya da yawa da iyayensu mata. Kuma tsoron a cire nono da ke sa mace ta ɓoye ƙulli, jinkirin ne yake jawo shi. Mu maza da muke cewa a dakata a gwada na gida tukuna, muna da hannu a ciki.

Don haka ni ba na goyon bayan a kwashi kuɗin gwamnati a sayo wannan na'ura yanzu. Ana ta kai wa yake ta kaya? Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai, a Nijeriya kuma injinan ba su kai ko kusa da buƙata ba. Babban injin gashi yana yi wa mai ciwon mama, da mai na bakin mahaifa, da mai na mafitsara aiki, ita kuwa wannan 'yan ƙalilan za ta amfana. Ga kuma hanyar rage wahala ba tare da sabuwar na'ura ba: gwajin FAST-Forward na Birtaniya ya nuna a 2020 cewa zuwa 5 cikin mako guda yana aiki daidai da zuwa 15 cikin mako 3 ga masu ciwon da bai yi nisa ba. Wannan nake so in ji asibitocinmu suna tattaunawa.

Wadda Allah ya hore wa ta fita waje aka yi mata tayin gashi ɗaya, ba na cewa ta ƙi. Ta dai tambayi likita wace na'ura ce, kuma idan awon nama ya nuna sai an ƙara gashi, ina za a yi mata, nawa ne kuɗin.