Manhajar Kula da Diloli: A Girgije ko a Sabar Ofis?

Tambayar da masu kamfanonin rarraba kaya suka fi yi mini a 'yan shekarun nan ita ce ko su ɗora manhajar kula da dilolinsu a girgije, wato su yi hayarta daga kamfanin da ke riƙe da ita a cibiyarsa su riƙa shiga ta intanet, ko kuwa su sayi sabar tasu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe manhajar da bayananta, su girke ta a ofis. Ra'ayina shi ne girgije ya fi dacewa da mafi yawan masu wannan sana'a, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka sa na zauna yin wannan dogon rubutu, domin na sha ganin waɗanda suka zaɓi hanyar da ta dace, sannan suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗaure musu hannu da ƙafa.

Kafin a yi maganar inda manhajar za ta zauna, ya kamata a tuna da inda aikinta yake. Manhajar kula da diloli ita ce ke sanin yawan kayan da ke sito, da abin da aka loda wa kowace mota, da odar da kowane dila ya bayar, da bashin da ake bin sa da iyakar bashin da aka yarda a ba shi, da rangwamen da ya cancanta, da kayan da aka dawo da su saboda sun lalace ko wa'adinsu ya ƙare. Kusan duk waɗannan bayanai a waje ake samar da su, a wayar wakilin tallace-tallace da ke tsaye a ƙofar shagon dila, ko a hannun direban da ke sauke kaya. Wannan ne ya bambanta ta da manhajar albashi, wadda mutum biyu ko uku ke amfani da ita a ɗaki ɗaya. Duk wanda ya ajiye sabar a ofis dole ne ya buɗe mata ƙofa zuwa intanet domin ma'aikatansa na waje su isa gare ta, kuma daga ranar da ya buɗe ƙofar, gadinta ya hau kansa dare da rana.

Na fahimci hujjar masu son sabar ofis, kuma ba na raina ta. Suna cewa sirrin kasuwancinsu, musamman farashin da suke ba kowane dila da jerin masu bashi, bai kamata ya kwana a hannun wani ba. Sai dai na taɓa shiga ɗakin sabar wani kamfani da ke da diloli masu yawa, kuma abin da na gani har yau bai bar raina ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, na'urar sanyaya iska tana ɗigar da ruwa a cikin bokiti, sabar tana ta gurnani a kan tebur, faifan da ake kwafe bayanai a cikinsa domin ajiya kuma yana zaune a kanta, an jona shi da ita da waya. Da na tambayi yaushe aka taɓa gwada dawo da bayanai daga faifan, sai aka yi shiru. Mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin shiga, kuma a ranar ya yi tafiya. Mai kamfanin yana da yaƙinin cewa bayanansa suna hannunsa, alhali gobara ɗaya, ko ɓarawo ɗaya, ko ajiye aikin ma'aikaci ɗaya ya isa ya raba shi da lissafin shekaru.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai wannan haɗari ke samu ba. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe da dama ta hanyar wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, kuma waɗanda ta kama mafi yawansu waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba ne. A watan Yunin shekarar, harin wata ƙwayar cutar kwamfutar mai suna NotPetya ya durƙusar da Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Denmak, har sai da ya sake girka sabar kusan 4,000 da kwamfutoci kusan 45,000, ya kuma yi asarar da ya ƙiyasta tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Idan kamfani mai runduna guda ta ƙwararru ya sha wannan wahala, ina ga mai rarraba kayan da ya dogara da ma'aikaci ɗaya wanda shi ne kuma ke gyara firinta?

Maganar kuɗi kuwa a taƙaice take. Sabar ofis tana cin babban kuɗi a farko, girgije kuma yana ci kaɗan-kaɗan kowane wata bisa yawan masu amfani. Wanda zai kwatanta su sai ya yi lissafin shekara biyar, ya sa wutar lantarki da sanyaya ɗaki da sabunta lasisi da albashin mai kula da sabar da sauya na'ura idan ta tsufa. Wani lokaci sabar ofis ce ke fitowa da sauƙi, musamman ga mai ma'aikata da yawa, kuma ba laifi a faɗi hakan.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu tallan girgije. Girgije sabar wani ce a ginin wani, kuma gini yana ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na OVHcloud, wani kamfanin girgije, a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan hulɗarsa da ba su ajiye kwafi a wani wuri ba sun rasa bayanansu har abada. A watan Fabrairun 2017 kuskuren rubuta umarni ɗaya da wani injiniya ya yi ya tsayar da wani ɓangare na ma'ajiyar girgije ta kamfanin Amazon na tsawon sa'o'i, shafuka da manhajoji masu yawa suka tsaya tare da shi. Alƙawarin da ake rubutawa a yarjejeniya ma, cewa manhajar za ta kasance tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, idan aka lissafa, yana nufin manhajar za ta iya tsayawa kusan sa'a tara a shekara ba tare da an karya alƙawari ba, kuma idan sa'o'in suka faɗo a ranar rufe lissafin ƙarshen wata, mai kaya ne zai ji a jikinsa.

Saboda haka sharaɗina na farko, wanda ba na sassautawa a kansa, shi ne manhajar wayar ta iya aiki ba tare da intanet ba. Na tsaya kusa da wani wakili yana riƙe da waya, dila yana jira da jerin kayan da yake so, alamar jira tana ta juyawa a fuskar wayar saboda babu sabis. A ƙarshe ya zaro biro ya rubuta odar a bayan wani tsohon rasit, da niyyar shigar da ita da yamma. Daga irin wannan takarda ake samun kayan da aka sayar sau biyu da bashin da ya wuce iyaka ba wanda ya sani. Manhajar kirki tana ajiye odar a wayar, ta tura ta da zarar sabis ya dawo, kuma tana da ƙa'ida bayyananniya ta abin da zai faru idan wakilai biyu suka sayar da kwali na ƙarshe a lokaci guda.

Sharaɗi na biyu shi ne hanyar fita. A rubuta ƙarara cewa bayanan na mai kamfani ne, yana iya sauke su gaba ɗaya a duk lokacin da ya so cikin tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa, har da tarihin ciniki da na bashi, kuma a fayyace kwana nawa za a riƙe masa su bayan ya daina biya. A rubuta iyakar ƙarin kuɗin haya a shekara, domin wanda ya zuba lissafin shekara uku a wuri ba ya iya tashi cikin dare ɗaya, kuma mai manhajar ya san da haka. A kuma tambayi ƙasar da bayanan za su zauna, tunda dokoki irin su GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, suna da sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma sunaye da lambobin wayar diloli bayanan mutane ne. Ko a girgije ma, ina ba da shawarar mai kamfani ya riƙa sauke kwafinsa a kai a kai ya ajiye a wani wuri dabam.

Akwai waɗanda sabar ofis ta dace da su da gaske: wanda doka ko yarjejeniya ta hana shi fitar da bayanai, wanda sitonsa yake inda intanet ba ta da tabbas kuma lodi ba zai jira ba, da wanda tsarin aikinsa yake buƙatar gyare-gyaren da manhajar haya ba za ta yarda da su ba. Irin wannan mutum ya ɗauki aƙalla ƙwararru biyu, ya ajiye kwafi a wani gini dabam, ya kuma sa ranar gwada dawo da bayanai a kalanda. Wasu suna haɗa biyun, ƙaramar sabar a sito da ke daidaita bayananta da girgije, kuma tsari ne mai kyau idan akwai mai kula da shi.

Ga wanda ke gab da sa hannu, roƙona shi ne ya nemi a ba shi lokacin gwaji, ya miƙa wayar ga wakilinsa mafi ƙarancin sabo da na'ura, a kashe intanet, a shigar da oda goma da kayan dawowa biyu, a kunna a ga ko lissafin sito ya daidaita. Bayan haka ya ce a sauke masa duk bayanan gwajin a gabansa, ya buɗe su da kansa kafin ya biya kuɗin farko.