Mai koyon rubuta manhaja ma daga babbaƙu yake farawa

Ɗan yayata ya ci jarrabawar BAC bara, ya shiga koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, a wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya mutu, wuta na ɗaukewa ita ma ta ɗauke. Sati biyu ya kwashe yana haɗa 'yar manhajar da za ta riƙa lissafa wa mahaifinsa bashin da 'yan sari suka ci a shagonsa na Babbar Kasuwar Maradi. Wani wuri ya ƙi tafiya, sai ya kai wa waɗanda suka riga shi a fannin su duba masa. Dariya suka yi masa. Wai wannan wasan yara ne, yanzu zamanin manyan bayanai ne. Kwana uku yaron nan bai buɗe kwamfutar ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Manyan bayanan da ake ta kururutawa suna da asali. Google ne ya tara shafukan intanet da suka fi ƙarfin na'ura guda, shi ya sa a 2004 injiniyoyinsa suka bayyana dabarar MapReduce, wadda ke rarraba aiki ɗaya ga dubban na'urori. Hadoop, manhajar da ke bin wannan dabara, ya biyo baya a 2006. Magani ne na wanda kaya suka yi wa yawa.

To mu fa? Shafi ɗaya na manhajar lissafi ta Excel yana ɗaukar layi 1,048,576. Ko cikin manyan alhazan da motocinsu ke bin Ɗan Issa zuwa Jibiya, wa ya cika wannan? Damuwarmu daban ce. Bayananmu suna cikin littafin bashi da mai ya ɓata, da rajistar awon ciki a ɗakin shan magani na unguwa, da kan dattijon da ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Tasawa kaka da bazara. Littafi ya jiƙe, ko mai shi ya rasu, shi ke nan. Wanda zai zauna ya shigar da su tsaf shi muka rasa, kuma shi ne aka yi wa dariya.

Ban ce kada a koyi manyan bayanai ba. Kamfanonin waya irin su Airtel da Moov suna da su da gaske, za su kuma nemi ƙwararru. Sai dai ƙwararren ma ta nan zai bi. A makarantar allo sai an yi babbaƙu da farfaru kafin a kai ga tilawa, kuma ban taɓa ganin malamin kirki yana kunyata kolo don ya yi tambaya ba.

Rana ta huɗu yaron ya koma ya gano kuskurensa da kansa. Tazara ce ya manta a farkon wani layi, abin da Python ba ya yafewa. Minti biyu sun isa waɗanda suka yi masa dariya su nuna masa.