Shanu sun cinye lokeshan, darakta bai fasa ba

Jiya da daddare wani ƙanena da ya shekara biyu yana fafutukar yin fim ɗinsa na farko ya kira ni, murya duk ta yi sanyi. Ya samu mai zuba kuɗi, amma da sharaɗi: a saka waƙa uku, a canza ƙarshen labarin ya koma biki. Ya ce, "Yaya, in karɓa?"

Kafin in ce masa e ko a'a sai da na ba shi labarin Satyajit Ray, wani daraktan fim ɗan Indiya, kuma ina so ku ma ku ji.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, rawa da waƙa muka ɗauko daga can. Akwai wata Indiyar da ba ta iso majigin unguwanninmu ba, kuma abin yana damuna. Ray ma'aikacin kamfanin talla ne a Kalkata, zane ne aikinsa, bai taɓa ba da umarnin fim ba. A 1950 kamfanin ya tura shi Landan, can ya kalli wani fim ɗin Italiya da aka ɗauka a kan titi da mutanen da ba 'yan wasa ba. Ya dawo gida ya zana labarinsa fitowa-fitowa a littafi, yana yawo da shi ofis-ofis. Masu kuɗi suka tambaye shi abin da aka tambayi ƙanena: ina waƙa, ina manyan jarumai?

Bai saurare su ba. A ƙarshen 1952 ya fara ɗaukar fim ɗinsa na farko, Pather Panchali (wato "Waƙar Ƙaramar Hanya"), da kuɗin aljihunsa, a ranakun hutun mako, domin bai ajiye aikinsa ba. Mai kyamararsa, Subrata Mitra, saurayi ne mai ɗaukar hoto wanda bai taɓa ɗaukar fim ba. Fitowar farko a wani fili ne mai fararen furannin ciyawa, inda yara biyu za su hango jirgin ƙasa. Suka ɗauki wani ɓangare suka tafi. Da suka dawo, shanu sun cinye furannin ƙaf! Ray bai nemi wani filin ya yi maneji ba, ya jira ciyawar ta sake fure a wata shekarar.

Kuɗi suka ƙare. Ya sayar da faya-fayan garmahonsa, matarsa Bijoya ta jinginar da gwala-gwalanta, duk da haka aiki ya tsaya watanni. Nan ne zuciyata take karyewa duk lokacin da na tuna labarin, domin jinkiri ga mai fim ba wasa ba ne. Yaran suna girma. Tsohuwar da ke cikin fim ɗin, Chunibala Devi, ta kai shekara 80. Kullum zai kwana yana fargabar kada muryar yaron ta fashe, kada yarinyar ta yi tsawo, kada ajali ya riski tsohuwar kafin a gama. Allah ya sa ta kammala aikinta, amma ta rasu kafin a fara haska shi a sinimomin Kalkata.

Daga ƙarshe gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ce ta ba da kuɗin ƙarasawa, aka rubuta su a lissafin gyaran hanyoyi saboda akwai "hanya" a sunan fim ɗin. Ita ma ta so a ƙare labarin da farin ciki, ya ƙi. Fim ya fito a 1955, a 1956 ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa.

Ba na zargin mai kuɗin ƙanena. Dukiyarsa ce, kasuwa yake dubawa, kuma ya san abin da ke sayuwa. Amma wallahi ina ganin fim na farko shi ne wurin da darakta ke gano ko yana da abin faɗa. In ya sayar da ƙarshen labarinsa tun a nan, a na biyu ba za a ma tambaye shi ba. Kuma abin da mutane ke mantawa a labarin Ray shi ne albashinsa. Albashin nan ne ya ba shi bakin cewa a'a. Mai jin yunwa ba ya gardama da furodusa.

Don haka na ce wa ƙanena kada ya bar koyarwarsa, kada kuma ya karɓi kuɗin da wannan sharaɗi. Ya rage lokeshan daga tara zuwa uku, ya cire fitowar da ke buƙatar taron jama'a, ya riƙa ɗauka Asabar da Lahadi. Ƙarshen labarin kuwa ya bar shi yadda ya rubuta, domin na karanta, kuma na yi hawaye a wurin.

Ya yi shiru can ya ce, "Yaya, zai kai shekara biyu fa." Na ce na sani. Ranar Asabar zan kai masa motata ya kwashi kayan aiki.